Rasuwar Ɗan Damagaram da Adda a Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa kishi a gefe guda ba, ni Hussaini Ɗantala, tsohon dillalin awaki, mazaunin Gagarawa Tasha, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar rasuwar akwatin wasana, wanda aka fi sani da Ɗan Damagaram. Ya cika ne a daren da aka yi ruwan farko na bana, jim kaɗan bayan sallar isha'i, yana kan cinyata, hulata na rufe da fuskarsa. Maganarsa ta ƙarshe wata ƙara ce da ban taɓa jin irinta daga gare shi ba, wani abu kamar “kirrr”, sannan “fus”, kamar an tsoma garwashi a ruwa. Mai ɗakina Tayyiba ta leƙo ta tambaya ko kwaɗo ne ya shigo. Ba kwaɗo ba ne.

Marigayin bai fi sandar sabulu girma ba. Launinsa toka-toka ne, yana da ɗan gilashi a fuska da madannai waɗanda yatsun wasu mutane suka riga suka side kafin ya zo hannuna. Na tsince shi ne wata Alhamis a kasuwar Maigatari, cikin tarin kayan gwanjo, kwance tsakanin matattun rediyoyi. Mai kayan ya ce daga Damagaram aka kawo buhun, bai kuma san amfanin abin ba. Na danna wani wuri da ka, sai ya yi mini waƙa. Ni kuwa tun ina yaro duk abin da ya yi ƙara ba tare da an san dalili ba sai na kai shi gida. Haka na taɓa ajiye wani dutse mai rami shekara da shekaru don iska tana busa shi.

Marigayin bai iya Hausa ba, bai iya Turanci ba, Faransanci kawai yake yi. Ni kuma karatuna na boko ya tsaya tun kafin ya kai ko'ina, sai dai lamba, wadda ba a yin dillanci ba tare da ita ba. Don haka na kai shi wurin Sajo, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu, wanda ya yi kiwo a tsallaken iyaka yana yaro har aka kama shi aka sa shi lakwal, wato makarantar bokon Faransanci. Sajo ne ya fassara mini abin da ke ciki. Ya ce wasu mayaƙa ne ke tafiya ƙasa bayan ƙasa domin su kashe wani dodo da ya tare a kan dutse, ni ne kuma zan riƙa nuna musu inda za su taka da wanda za su sara. Ya ce duk mayaƙin da ya yi faɗa isasshe zai hau mataki. Idan ya hau, akwai abubuwa shida a jikinsa da za su iya ƙaruwa, wato jini, ƙarfi, sauri, saiti, taurin fata da sa'a. Kowanne yana iya ƙaruwa da ɗaya, yana iya ƙin ƙaruwa. Na tambaye shi wa ke yankewa. Ya ce, “Ba kowa, Malam Hussaini. Shi kansa akwatin bai sani ba sai lokacin ya yi.”

Wannan magana ita ta haɗa jinina da marigayin. Na yi rayuwata ina buɗe bakin awaki ina duba haƙora, ina matsa ƙugu, ina tambayar uwa da uba, amma ban taɓa sanin abin da ɗan akuya zai zama ba sai ya zama. Ban yi zaton Nasara zai iya ƙera abin da shi ma bai san gobensa ba.

Daga cikin kyawawan halayen marigayin akwai gaskiya. Duk abin da ya ƙaru sai ya ce “tin”. Idan biyu suka ƙaru, “tin, tin”, a jere, ba ya barin giɓi a tsakani da za ka gane wanne aka tsallake. Idan babu abin da ya ƙaru ba ya yi maka daɗin baki, shiru kawai yake yi. Yana da haƙuri, domin ya sha faɗuwa daga aljihuna a motar Gumel bai taɓa ƙorafi ba. Yana da ƙana'a, caji ɗaya a shagon Tasha yana kai shi kwana da kwanaki. Bai taɓa kawo mini labarin mutuwa ko na neman taimako ba, kamar yadda wayoyi ke yi wa masu su.

A cikinsa ne Adda ta rayu, a cikinsa kuma ta tafi. Adda wata siririyar yarinya ce maharbiya, bakanta ya fi ta tsawo. Sajo ne ya raɗa mata sunan, ya ce hararar da take yi irin ta yayarsa ce. Sauran mayaƙan sun girma kamar yadda mutane ke girma, wannan ya samu nan ya rasa can. Ita kuwa Adda rabonta ya karkace tun daga farko. Kusan duk matakin da ta hau sai sauri ya ƙaru, sa'a ma tana biye, amma ƙarfi ya yi zamansa kamar jakin da ya ga rafi. Kibiyarta tana sauka a jikin abokin gaba kamar an jefe shi da ƙwayar gero. Sai dai shi ma ba ya samun ta. Ƙato zai ɗaga gatari ya sara, ta kauce. Ya sake, ta kauce. Faɗa ɗaya sai ya ɗauke mu daga azahar zuwa la'asar, kuma har yau ina da yaƙinin cewa wasu daga cikin waɗanda ta kashe gajiya ce ta kashe su.

Ina da al'ada a duk lokacin da za ta hau mataki. Ina cire hulata in rufe gilashin, in kasa kunne. Sai ƙarar ta gama in ɗaga hular a hankali, kamar mai buɗe rumbun da ya daɗe bai leƙa ba. Yawanci “tin” ɗaya ne, sauri. Wani lokaci biyu. Akwai ranar da ta hau mataki akwatin ya yi tsit, na jira, na ƙara jira, na ɗaga hula na tarar da komai yadda yake. Ranar ban ci tuwo ba, Tayyiba ta zaci zazzaɓi ne ta dafa mini ganyen darbejiya.

Sajo ya sha ba ni shawara. Yakan ce, “Kashe shi ka kunna kafin ya adana, a sake rabo. Ka yi ta yi har ƙarfin ya fito.” Na ƙi. Na ce masa akuya idan ta haihu ba a mayar da ɗan ciki a ce ta sake ƙoƙari. Abin da aka ba Adda shi ne nata, ni kuma na karɓa.

A nan ne zan kawo abin da ya ƙara wa wannan rashi ɗaci, kuma ina roƙon masu karatu su yi mini uzuri idan muryata ta canza. Ummulkhair, 'yar Sajo da ke aikin jinya a Gumel, ta ga ubanta kullum yana leƙe ta kafaɗata, sai ta kawo masa waya, an sa masa wasan nan nawa a ciki, sabon fita. Mayaƙa iri ɗaya, dutse iri ɗaya, dodo iri ɗaya, har maharbiyar da harararta. Shi ma ya sa mata Adda, ko kunyata bai ji ba. Bambanci ɗaya ne. A nasa an riga an rubuta rabon kowa tun daga mataki na farko har na ƙarshe. Babu sa'a, babu rashin sa'a. Duk wanda ya riƙe wasan a duniya, daga nan har ƙasar da aka ƙera shi, Addarsa ɗaya ce da ta Sajo.

Ta girma sumul, kamar kajin gidan gona. Ƙarfi daidai, sauri daidai, ba abin da ya fi wani. Sajo yakan zauna a ƙofar gidansa ya ce, “Anjima za ta sami ƙarfi da saiti,” kuma ta samu. Kafin a gama roron wake ya hau dutsen ya kashe dodon, wayar ta yi masa kiɗa mai tsawo wanda duk unguwa ta ji. Ni na ji shi ta katanga, na juya wa katangar baya. Daga ranar sai ya tsiro da wata gaisuwa. Ya dafa katanga da safe ya ce, “Malam Hussaini, an tashi lafiya? Yaya mai jiki? Har yanzu tana yi wa dodon susa?” Nakan amsa gaisuwar in bar sauran.

Ban ce Sajo mugun maƙwabci ba ne. Shi ya riƙe mini awaki lokacin da na yi jinyar ƙafa. Amma ina so a rubuta cewa ina kishinsa, ina kishin wayarsa, ina kishin Addarsa mai ƙiba wadda ba ta taɓa hana kowa cin tuwo ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Wata rana saniya ta taka wayar tasa ta farfashe. Na je na yi masa jaje, kuma Allah ya ga zuciyata, na yi ƙoƙari fuskata ta dace da maganata. Ummulkhair ta kawo wata. Ya fara daga farko, ya bi mataki bayan mataki, sai ga Addarsa ta dawo cif, babu lamba ɗaya da ta kauce. Mutum ya yi rashi, a dawo masa da mamacinsa da kayan jikinsa! Ni ban san wani da aka yi wa wannan gata ba.

Susar da yake faɗa kuwa gaskiya ce. Ni da Addata mun kai kan dutsen, sauran mayaƙan duk dodon yana gamawa da su da mari ɗaya, ita kaɗai ce ba ya samu. Amma taurin fatarsa ya yi daidai da ƙarfinta, ba ragi ba ƙari, don haka duk kibiyar da ta harba sai sifili ya fito a kansa. Sajo da kansa ya lissafa mini. Ya ce da ƙarfinta zai ƙaru da ɗaya tak, kowace kibiya za ta ci ɗaya daga jinin dodon, tunda kuma ba ya iya taɓa ta, ko za a kwana a wuni sai ta kayar da shi. Mataki ɗaya ya rage mata a duniya, na ƙarshe, wanda babu wani bayansa. Idan ƙarfi ya ƙaru a nan, ni da Adda mun gama da dodo da rabonmu na kanmu. Idan bai ƙaru ba, Sajo zai yi ta gaishe ni har ƙarshen rayuwata.

Ban yi gaggawa ba. Na daɗe ina lura da halin marigayin. Na taɓa zaton ranar Alhamis ya fi kyauta, na gwada, ba haka ba ne. Na taɓa zaton girgizar mota a hanyar Gagarawa tana motsa masa hannu, wannan ma ta ƙaryata kanta. Na gwada fuskantar gabas, na gwada jiran kukan jaki. Amma da na zauna na tuna 'yan lokutan da ƙarfin Adda ya taɓa ƙaruwa, sai na ga duk da damina ne, ƙasa na ƙamshi. Abin bai ba ni mamaki ba. Ruwan da ke sauka a gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa, ai shi da akwatina sana'arsu ɗaya. Na sauko da Adda daga dutsen, na yi ta faɗa da ƙananan abokan gaba har ya rage mata kibiya ɗaya ta hau matakin, sannan na kashe akwatin. Lokacin an gama kai amfanin gona gida. Na naɗe shi a tsumma, na sa a tukunyar ƙasa, na ɗora a kan katangar ɗaki kusa da kwanon rufi, na ce sai ruwan farko.

A cikin tukunyar nan ya yi jinyarsa shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Rani ya wuce, bazara ta zo da zafin da ke narkar da man shanu a inuwa. Tayyiba ta ce, “Malam, ko ƙwai ka sa a tukunyar nan ai ya dahu.” Na ce mata ɗan Damagaram ne, ya san rana. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas na sauko da shi, na tarar bayansa ya kumbura kamar cikin akuyar da ta yi ɓarna a rumbu. Na kai shi Tasha aka ba shi caji, ya karɓa, ya yi mini waƙarsa ta gaisuwa, muryar ta ɗan dishe. Na ɗauka kewa ce.

Da ruwan ya sauko na zauna a bakin gado. Na nuna wa Adda abokin gaba, ta ja baka ta saki. Na cire hula na rufe. Jama'a, abin da na ji ke nan, kuma a kansa zan tsaya ko a gaban wa: “Tin, tin, tin, tin, tin.” Biyar. Yarinyar da a duk rayuwarta ba ta taɓa wuce uku ba. Na kama gefen hula, sai “kirrr”, sai “fus”. Na ɗaga, gilashin ya yi baƙi, wani wari kamar na ƙonannen gashi yana tashi.

Abubuwa shida ne, biyar suka ƙaru. Ɗaya aka bari, ko kuma na shidan yana hanya ajali ya riga shi. Wanne ne, babu wanda ya gani. Tayyiba ta ce a lokacin rufin yana ɗiga cikin tasa, in rage wasu daga lissafin. Na san muryar tasa, na san muryar marigayin. Sajo da aka gaya masa da safe ya ce, “Idan Addar da na sani ce, ƙarfin ne ta bari.” Na ƙyale shi, saboda akwai gawa a gida.

Na kai shi Gumel wurin Abdulmuhaimin mai gyaran waya, mutum mai sanyin hannu. Ya buɗe bayan, ya duba, ya cire tabarau. Ya ce batirin ne ya fashe ya cinye kayan ciki. Ya ce, “Baba, wannan sai haƙuri. Ko an tashe shi ba zai tuna kowa ba.” Na tambaye shi, idan na sami wani irinsa na fara daga farko fa? Ya ce maharbiyar za ta fito, amma rabon da za a ba ta daban ne, ko zan yi ta farawa har in daina gani ba za a sake jero mini irin na wancan ba. Na gode masa, na ɗauko gawar a aljihun gaba, ban yarda an sa ta a bayan mota ba.

Marigayin ya rasu ya bar igiyar caji guda, mai ɗauri a wuya. Ya bar jakar fata da Tayyiba ta ɗinka masa tana mita. Ya bar manyan yatsuna biyu masu kanta, waɗanda har yanzu suke motsi su kaɗai idan na zauna. Mayaƙan da na bari a gindin dutse suna jiran mu sun bi shi, haka ma dodon, wanda ya tafi ba tare da ko ƙwarzane ba, abin da ba zan yafe masa ba. Akwai kuma wata mai kama da Adda da ke zaune a wayar maƙwabci, cikin ƙoshin lafiya. Iyalan marigayin ba su san ta ba, kuma ba ta cikin magada.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin aduwar da ke iyakar gonata ta arewa. Liman ya riga ya ja mini kunne cewa ba a yi wa akwati salla, na kuma yarda, don haka rakiya ce kawai. Hular ce likkafaninsa, tunda a ƙarƙashinta ya cika, kuma ita kaɗai ta ga abin da ya faru. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, akwai fura. Ana roƙon masu zuwa da waya su rufe mata baki. Dangin Tayyiba na Sule Tankarkar ba sai sun wahalar da kansu ba, ta ce idan suka ji dalilin tafiyar ba za ta iya sake zuwa biki garinsu ba.

Sajo ne zai haƙa ramin, shi ya nema da kansa. Ya shigo jiya da yamma ya zauna a tabarma, ya yi gaisuwa yadda ake yi, bai ambaci susa ba. Ni da Tayyiba da Ummulkhair muna zaune. Can ya ce, yana kallon ƙasa, “Ka san ni ma na taɓa rufe tawa da malafa? Na kasa kunne, na ɗaga a hankali kamar yadda kake yi. Amma na riga na san abin da ke ƙasa. Tun da na kashe dodon nan karo na biyu ban sake kunna ta ba.” Furar da na sha bayan nan ta fi ta safe daɗi.

Sai Ummulkhair ta ce akwai tsohuwar wayarta a Gumel, idan an gama makoki za ta sa mini wasan ta kawo. Ta ce ashe a farkonsa akwai wurin zaɓi tsakanin rabon sa'a da rabon tabbas, ita ce ta danna wa babanta na tabbas don kada ransa ya riƙa ɓaci. Sajo ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, “To, Malam Hussaini, kai wanne za a danna maka? Wadda za ta kashe maka dodon, ko wadda za ka rufe wa hula?”